Ranar da Baba Ya Je Ganin Mai Yanka Kajin Kamfaninmu

Ko da zan tsufa har in riƙa rikita sunayen jikokina, akwai rana ɗaya da ba za ta fita daga kaina ba, ranar da mahaifina ya sa babbar riga, ya naɗa rawani, ya nufi kamfanin da nake aiki don ya ga mutumin da yake yanka mana kaji. In na ba da labarin nan a majalisa mutane kan yi dariya har su riƙe ciki, ni ma in taya su. Sai dai kullum a tsakiya nake tsayawa. Yau kam zan kai shi ƙarshe.

A Garwa aka yi abin, cikin shekarun nan da aka zabtare albashin ma'aikata, aka kuma zo aka karya darajar kuɗinmu na sefa, kowa ya shiga taitayinsa. Nama ya zama abin da ake gaisawa da shi daga nesa a kasuwa. Ni kuwa na gama makaranta da takardata a hannu, na yi shekaru ina zagayen ofisoshi. Duk wanda na shiga sai in tarar da hoton shugaban ƙasa yana yi mini murmushi daga bango, mai ofis kuma ya ce in dawo wata mai zuwa. Da ƙyar da jiɓin goshi, ta hannun wani abokin kawuna, na samu aiki a wani ƙaramin kamfani a bayan gari inda ake yin dunƙulen miya, ɗan abin nan da mata ke murmushewa a tukunya. A jikin takardarsa an zana wata jar kaza, ƙosasshiya, irin wadda ban taɓa gani da rai ba ko a gidan gwamna.

Aikina a bakin injin cuɗawa yake. Da safe in farke bakin buhunan gishiri in juye, in bi su da garin sitaci, da wani farin sinadari mai ƙyalli kamar sukari, da kitsen man ja da aka daskarar, da garin kala. A ƙarshe shef ɗinmu, wato shugaban ma'aikata, ya zo da kansa da wata 'yar jarka da ake kawowa daga ƙasar waje, ya auna 'yan cokula ya zuba. Nan take duk ɗakin ya ɗauki ƙamshin farfesun kaza, har cikinka ya yi ƙara. Iyakar kazar ke nan.

Ba ni na fara ƙaryar ba, wannan kam zan iya dafa Alƙur'ani. Rediyo ne ya fara, da Faransanci da Fulatanci, safe da yamma, wai duk matar da ta jefa dunƙule ɗaya ta jefa kaza a tukunyarta. Ni dai raino na yi mata. Ranar farko da wani a unguwarmu ta Hausare ya tambaye ni kaji nawa muke yankawa a yini, murmushi kawai na yi. Rana ta biyu na ce ai ba sa ƙirguwa. Kafin wata ya cika na riga na kawo manyan motoci daga kudu shaƙe da kaji, na gina tukwane masu tsayin mutum, na dafa su har ƙashi ya narke, na busar da romon na dunƙule shi. Ina bayani ina kaɗa hannu. Babu wanda ya san ɗaukar buhu nake yi, a unguwa sunana teknisiye, wato ƙwararren masanin inji, har gaisuwar da ake yi mini ta canza.

Kowane ƙarshen wata kamfani kan ba ma'aikaci kwali guda kyauta. Nawa gida nake kaiwa, don a gida ɗaya muke da iyayena, ni da matata muna sashen baya. Inna, mahaifiyata, wadda a da ko baƙo ya ɗanɗani miyarta sai ya tambayi wa ya yi daddawar nan, ta tattara daddawa ta ajiye, wai warin ƙauye take yi. Ta riƙa raba dunƙule ga maƙwabta bibbiyu kamar goron suna. Ni ne ɗan fari, gidanmu kuma gidan alkunya ne irin na da. Inna ba ta kiran sunana, ba ta zama ta yi hira da ni. In tana son ta yabe ni sai ta ɗaga murya tana yi wa matata magana yadda zan ji daga zaure: "Mu kam Allah ya rufa mana asiri, ana kukan nama mu kullum da kaza muke kwana." Ina ji sai in ƙara gyara zaman hulata.

Baba malamin zaure ne. 'Yan kasuwa da dattawan unguwa ne ɗalibansa, bayan asuba da bayan la'asar, kuma duk abin da ya shige wa mutum duhu na halal da haram wurinsa ake kawowa. Mutum ne mai ƙarancin magana, karatunsa kuwa in yana jan aya har masu wucewa kan rage tafiya. Shi ma bai taɓa kiran sunana ba. "Kai" ne sunana a bakinsa, in abin ya yi tsanani ya ce "kai wannan".

A shekarata ta biyu a kamfani ya fara ciwon kai da jiri. Ni na raka shi asibiti, don ni ne mai jin Faransanci. Likitar mace ce, 'yar kudu, mai ɗan zafi. Ta ɗaura masa abin awo a hannu, ta duba, ta sake dubawa, ta ce tansiyo ne, wato hawan jini, kuma ya hau sosai. Ta rubuta magani, sannan ta nuna ni da biro ta ce in gaya masa, in kuma gaya wa mai dafa masa abinci, babu shi babu gishiri daga yau. Da bakina na fassara wannan magana. Ina son mai karatu ya riƙe wannan, don kada can gaba ya ce zai nema mini uzuri.

Inna ba ta wasa da lafiyar Malam. A ranar ta kwashe gishirin gidan ta ba maƙwabciya, ta wanke gwangwanin ta kife. Aka fara yi wa Baba miya lami. Ya yi loma biyu ya ture akushi, kwana goma ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. Hankalin Inna ya tashi, sai dabara ta faɗo mata. Na ji ta tana gaya wa matata a madafa: "An hana shi gishiri, ai ba a hana shi kaza ba. Majinyaci da romo aka san shi." Daga ranar tukunyar Baba ta zama daban, 'yar ƙarama, ana murmusa mata dunƙule biyar, wani lokaci shida. Da safe kuma ta jiƙa biyu a ruwan zafi da citta ta kai masa a kofi, wai ya samu ƙarfin karantarwa. Baba ya koma cin abinci har yana suɗe hannu, gida ya cika da godiya ga Allah da kamfani.

Matata ce ta taɓa ɗanɗana miyar ta ce, "Inna, wannan ai kamar ta fi tamu gishiri." Inna ta ce, "Ke yarinya ce. Ba gishiri ba ne, zaƙin kaza ne." Ina tsaye a tsakar gida ina alwala, na ji su sarai. Kafaɗata a lokacin ma ciwo take yi saboda buhunan gishirin da na ɗauka ranar. Na ƙarasa alwalata na fita masallaci.

Na sha tambayar kaina me ya rufe mini baki. A lokacin abin da nake gaya wa kaina shi ne ɗan fari ba ya shiga madafar uwarsa ya koya mata girki. Wani lokaci in ce ai yana shan magani, maganin zai danne. Wani lokaci in ce gobe zan sa matata ta faɗa mata cikin dabara. Duk ƙarya ne. Gaskiyar ita ce in na ce babu kaza, to babu tukwane masu tsayin mutum, babu motocin kudu, babu teknisiye, sai wani ƙato mai ɗaukar buhu da takardar makaranta a aljihu. Wannan nake tsoro, kuma na fi jin tsoronsa a kan abin awon likita. Har yau in na tuna sai in ji na tsani kaina.

Da muka koma asibiti, har da Inna, awo ya nuna abin ya ƙaru. Likita ta ajiye biro ta ce ƙarya muke yi, ana ba tsohon nan gishiri. Na fassara. Inna, wadda ko a gida ba a jin muryarta gaban Malam, ta ce, "Gaya mata wallahi tallahi, tun ranar da ta faɗa ko ƙwayar gishiri ba ta shiga tukunyarsa ba." Na fassara wannan ma, kalma bayan kalma, har da rantsuwar. Likita ta girgiza kai ta ƙara masa wani magani.

To, ka ji yadda asirin ya tonu. Likita ba ta gano ba, ni kuma ban tuba ba. Wata la'asar ce, an tashi karatu, sai wani dattijo cikin ɗaliban Baba, wanda ya yi ritaya daga aikin kwastan, ya ce yana da tambaya. Ya ce, "Allah gafarta Malam, dunƙulen nan da ya cika gidajenmu, kajin da ake yin sa da su, wa yake yanka su? Mun ji masu kamfanin ba Musulmi ba ne." Wani attajirin goro da ke gefensa ya ce shi ma abin ya daɗe yana cin sa, don a kudu ya ga yadda ake murɗe wa kaza wuya. Baba, wanda ya sha kofi guda na abin da safe, ya ce zai bincika.

Ina dawowa daga aiki ya tare ni a zaure.

"Kai, wa yake yanka kajin nan naku?"

Ka ga, nan ne Allah ya buɗe mini ƙofa har ƙasa. Sai na ce, "Akwai mai yankawa, Baba."

"Musulmi ne?"

"Musulmi ne."

"Yana salla?"

"Yana yi." Har na ƙara da cewa mutumin Marwa ne, don ƙarya in ta samu gari ta fi zama.

Ya ce, "Madalla. Gobe da hantsi zan zo in gan shi, in ga wuƙarsa, in ji yadda yake ambaton Allah. Mutane sun ɗora mini amana."

Washegari ina bakin inji, gari ya yi mini fari fat har gira, aka ce ana nemana a ƙofa. Na fito na tarar da Baba da tsohon ɗan kwastan da attajirin goro, kowa cikin babbar riga kamar za su ɗaurin aure. Suka dube ni daga sama har ƙasa. Ba wanda ya ce komai game da teknisiye, amma attajirin goro ya yi wani ɗan tari.

Shef ɗinmu mutumin kudu ne, ba ya jin Hausa, Fulatancinsa kuma bai wuce na sayen kifi a bakin kogin Binuwai ba. Da ya ji manyan malamai sun zo, murna ta kama shi. Ya sa aka kawo kujeru da lemo, ya ce in tsaya in fassara. Baba ya yi gaisuwa, ya ce sun zo ne su ga mai yanka kaji. Na juya maganar zuwa Faransanci da murya ƙasa-ƙasa. Shef ya fashe da dariya har yana dukan tebur. Ya ce in gaya wa tsoho ya kwantar da hankalinsa, babu kaza a cikin kayanmu, ko gashinta babu, ko inuwarta ba ta taɓa giftawa ta ƙofar nan ba. Yana faɗa yana alfahari kamar wanda ya ci jarrabawa.

Na juya na ce, "Baba, ya ce yau kajin ba su iso ba, mota ta lalace a hanya."

Na manta wanda ya yi shekara da shekaru a kwastan Faransanci ne abincinsa. Dattijon ya gyara gilashi ya ce, "A'a, ɗana. Ba haka ya ce ba." Ya kwashe maganar shef tsaf ya zuba wa Baba, har da inuwar. Ni dai na tsaya ina kallon takalmina.

Daga nan shi ya karɓi aikin fassara. Shef ya ce tunda sun zo sai sun ga komai da idonsu, don su je su gaya wa jama'a. Ya zaga da su. Ya nuna musu injin matsawa, ya nuna musu mata masu naɗe takarda, ya buɗe 'yar jarkarsa ya ba su suka shinshina. Attajirin goro ya lumshe ido ya ce, "Ikon Allah, har da ƙamshin albasa." Sannan aka buɗe sito. Buhuna ne farare jere har rufi, sun cinye rabin ɗakin. Baba ya tambayi menene wannan. Bai jira amsa ba, ya sa yatsa a bakin wani da ya fashe, ya kai harshe. Sannan ya ce a tambayi shef, wannan kaɗan ake sawa ko da yawa. Shef ya ce ai shi ne uwar tafiyar, sauran duk 'yan rakiya ne. Ya dafa kafaɗata ya ce, in ana son a san adadi a tambayi yaron nan, da hannunsa yake juyewa kowace safiya, kuma babu ma'aikaci mai ƙwazo kamarsa.

Dattawan biyu kuwa fuskarsu ta washe. Babu kaza, babu yanka, babu mushe, ke nan babu haram. Suka yi hamdala. Shef ya sa aka ɗora wa kowa kwali, ya roƙi a sa wa inji albarka. Attajirin goro ya ɗaga hannu ya yi doguwar addu'a Allah ya ƙara wa kamfani kasuwa, ma'aikata suka shafa. Baba bai ɗaga hannu ba, bai kuma taɓa kwalinsa ba. Shef ya ba ni hutun rabin yini in raka su.

Sai da muka rabu da dattawan, muka shiga lungunmu, sannan ya yi magana, ba tare da ya dube ni ba.

"Kai ne ka fassara mini maganar likita."

"Ni ne, Baba."

"Kana ganin abin da ake kawo mini da safe."

"Ina gani."

Ya ce, "To." Wannan "to" ɗin ita ce duk faɗan da ya yi mini a kan maganar, kuma da ya zane ni a gaban jama'a da ya fi mini sauƙi.

A tsakar gida ya gaya wa Inna da kansa, a taƙaice. Ta zauna a kan turmi. Ba ta yi kuka ba, ba ta dubi inda nake ba. Abin da ta fara tambaya shi ne, "Malam, rantsuwar da na yi a asibiti fa? Sai na yi kaffara?" Ya ce, "Babu komai a kanki. Kin rantse a kan abin da kika sani." Sannan ya ƙara da cewa, "Wanda ya san sauran yana tsaye a wurin."

A ranar dunƙule ya bar tukunyarsa. Inna ta koma daddawa, sai da ta aika ƙauye aka nemo mata kalwa, ta koyi yi masa miya da albasa da tafarnuwa da citta har ya saba. Awo ya ɗan sauka, na fara cewa na tsallake. Ba a yi wata biyu ba, yana tsakiyar karatun la'asar, littafi ya suɓuce daga hannunsa. Aka ɗauke shi zuwa asibiti, ya dawo gida ɓarin jikinsa na dama ba ya motsi, bakinsa ya karkace. Na bi likita har waje na tambaye ta ko abin da aka riƙa ba shi ne ya jawo. Ta ce ba za ta iya rantsewa ba, akwai shekaru, akwai gado, amma watannin nan ba su taimake shi ba. Da ta ce e kai tsaye, ko ta ce a'a, da na san inda zan ajiye abin.

A unguwa kuwa labari ya bazu cewa Malam da kansa ya je kamfani ya bincika, ya tabbatar halal ne. Rabin labarin ke nan, kuma shi kaɗai ya yi tafiya. Matan da a da suke shakka suka saki jiki, ciniki ya ƙaru har cikin ƙauyuka. Shef ya kira ni ofis ya ce ziyarar mahaifina ta fi tallan rediyo amfani, ya ɗaga ni daga ɗaukar buhu zuwa mai lura da masu ɗauka. Na karɓa. Ina da mata da 'ya'ya, ga maganin Baba, ban bar aikin ba sai bayan shekaru.

Zaure ya watse, don mai karantarwa ba ya iya fitar da harafi. Ni nake yi masa alwala, in wanke masa hannun da ya mutu, in zaunar da shi ya fuskanci gabas. Ina jin sa yana kokawa da Fatiha, mutumin da ya koya wa rabin unguwa ita, yana maimaita aya ɗaya sau uku don ta fita daidai ba ta fita ba. Wata rana ina goge masa ƙafa na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya daɗe yana tattara bakinsa. Ya ce ya yafe tun a lungu. Sannan da ƙyar ya ce, "Gaya wa mutane."

Na gaya musu, amma a makare, kuma yawanci dariyar suke ɗauka su bar sauran. Abin da na koya dai shi ne mu mutane ne masu tambayar wa ya yanka, ba mu cika tambayar me aka zuba ba, masu kamfani kuma sun san haka. Na kuma koyi abin da ya fi wannan ɗaci. Kamfani bai san mahaifina ba, bai san an hana shi gishiri ba, bai taɓa jin muryarsa yana karatu ba. A duk garin Garwa mutum ɗaya ne ya san abin da ke cikin dunƙulen, ya kuma san abin da likita ta faɗa, kuma kowace safiya yana wucewa ta gaban kofin nan ya ce, "Ina kwana, Baba," ya tafi aiki.